Wasiƙar da Aka Gina da Rama

Duk wanda ya taɓa sayen igiyar guga a kasuwar Daura shekarun baya ya san aikin Kalilu makaho, ko da bai san sunansa ba. Igiyarsa sai dai guga ya mutu ya bar ta. Shekara hamsin da biyar ya yi yana tufkar rama, har fatar tafinsa ta koma kamar ƙirgi. Mutum ne mai kafiya, ba ya son a riƙe masa sanda, kuma in kana neman faɗa da shi, to ka ce masa sannu da muryar tausayi.

Abu ɗaya ne a duniya yake sa muryar Kalilu ta yi ƙasa: wata 'yar takarda da yake ajiyewa a cikin gafaka. Mahaifinsa, Malam Maharazu na Baure, shi ya rubuta ta da ajami a shekarar da ƙyanda ta cinye wa Kalilu idanu, yana ɗan shekara goma sha uku, ya riga ya iya karatu da rubutu. Layi shida ne kacal. Da sunan Allah. Daga Malam Maharazu zuwa ga Sarkin Makafin Daura. Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka ga ɗana Kalilu na aiko maka. Ka koya masa tufka ya ci da hannunsa. Wassalam. Da wannan takarda aka ɗora shi a kan jaki aka kawo shi Daura, uban bai ce masa komai ba ranar, bayan shekara biyu kuma ya rasu. Sarkin Makafi ne ya mayar wa Kalilu da takardar daga baya, ya ce kayansa ne.

An karanta masa ita ya fi a ƙirga, ya haddace ta tsaf. Yakan ce ko tunkiya aka aika kasuwa ta fi haka samun bayani. Yana faɗa yana dariya, amma abin yana cin sa. Duk da haka burinsa guda ne, ya ji rubutun da kansa. Kalmomin ya san su. Hannun yake so, wannan hannun da ya koya masa riƙon alƙalami. Sau nawa ya shafa takardar, sai santsi kawai yake ji, don tawada ba ta da tudu.

Sai ciwon suga ya zo ya sa wa burin wa'adi. Likita ya riƙa tsikarar masa yatsu da ɗan tsinke yana tambaya, ka ji? Hagu duka ta yi shiru. A dama, ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi kawai suka amsa. Likitan bai ɓoye masa ba, ya ce su ma suna kan hanya, wata ne ko watanni.

Autarsa Fadila ce ta kai shi asibitin, ita ta ji wannan magana da kunnenta. Injiniya ce, tana koyarwa a wata kwalejin kimiyya a nan cikin gari, kuma ta cika ɗakin da ke kusa da zaure da injuna har uwarta Kubura ta ce saura kaɗan su koma kwana a waje. Akwai wanda take kira firinta, wanda ba takarda yake bugawa ba, abu yake ginawa. Ana ba shi zaren roba mai kaurin tsinken tsintsiya, ya narkar da shi, ya riƙa shimfiɗawa siriri bisa siriri har abin da aka zana masa a kwamfuta ya tashi tsaye. Robar ma ba irin ta man fetur ba ce, daga sitacin masara ake yin ta. Da Kalilu ya fara jin haka cewa ya yi, “To in yunwa ta matsa sai a dama ta.”

A hanyarsu ta dawowa daga asibiti ta ce, “Baba, ara mini takardar Kaka ta yini ɗaya. Zan ɗauki hotonta, in sa inji ya gina ta. Duk inda tawada ta bi zai yi tudu.”

Suka kai ƙofar gida. Ya shiga ya ɗauko gafakar ya miƙa mata da hannu biyu.

Allon farko bai yi rai ba. Ta gina shi da robar zalla, ta ajiye a taga ya huce, ta tafi aji. Bazara ce, rana tana dukan kwanon ɗakin kamar da gayya. Kafin ta dawo allon ya lanƙwashe ya yi doro, layukan sun haɗe, ɗigon haruffa kuma da ka taɓa su da farce sai su ɓalle. Kalilu ya shafa ya ce wannan ba rubutu ba ne, tsakuwa ce. Fadila ta ce dama ta san halin robar, ba ta da ƙashi, ba ta jure zafin ƙasar nan, kuma shekara biyu ke nan tana binciken abin da za a haɗa mata ta yi ƙarfi. Ta ce kamar yadda magina ke zuba busasshiyar ciyawa a kwaɓin ƙasa don kada bango ya tsage, haka ita ma take so ta sa wa robar zaren tsiro. Ta gwada ɓawon gyaɗa, ta gwada ƙaiƙayi, duk ba su gamsar da ita ba.

“Kina cikin gidan rama kina neman ƙaiƙayi?” in ji shi. “Allah ya shirye ku 'yan boko.”

Ya ba ta daga ajiyarsa ta musamman, wadda aka yanka kafin ta yi fure, aka jiƙa a tafki kwana tara, shi da kansa ya wanke ta ya taje. Fadila ta yayyanka, ta niƙa, ta tankaɗe da rariya mai ƙananan idanu har ta koma kamar dusa. Ta sa a tanderun lantarki awa shida ta bushe ƙamas, ta juye a bokiti mai murfi ta danne. Tsarinta shi ne ta busar yau, gobe da rana in sola ta cika batir ta haɗa kashi ɗaya na rama da tara na ƙwayoyin roba, ta zuba a ɗaya injin, wanda ke narkarwa ya fitar da zare kamar injin taliya.

To a nan ne gwani ya shigo da gwanintarsa.

Da hantsi, bayan ta tafi aji, Kalilu ya lallaba ya shiga ɗakin don ya ji yadda aka yi da ramarsa. Ya lalubo bokitin, ya buɗe, ya tsoma hannu. Abin da ya ji ya tayar masa da hankali. Ta bushe har tana ƙara. Duk wanda ya taɓa tufka ya san ba a aiki da rama a bushe, karyewa take yi, sai an yayyafa mata ruwa ta yi laushi sannan ta bi hannu. Wannan shi ne darasin farko da Sarkin Makafi ya koya masa, da ranƙwashi ma. Ya girgiza kai, ya ce yarinya ta yi karatu amma ba ta san rama ba. Ya ɗauko butarsa, ya guntsi ruwa, ya fesa a hankali yadda ya saba, fesa mai laushi kamar raɓa, ya cuɗa da hannu, ya mayar da murfi. Bai gaya mata ba, don bai ɗauka abin faɗa ba ne. Wa zai je ya ce wa 'yarsa na gyara miki abin da kika manta? Sai ka gyara ka yi shiru, ka rufa mata asiri.

Kafin azahar ramar ta shanye ruwan, ido ba ya gani, hannu ma sai na gwani. Fadila ta haɗa ta zuba. Zaren ya fito da ƙuraje da ramuka, tana naɗe shi a kwarkwaro yana karyewa. Ta sake busar da wata. Washegari Kalilu ya sake taimaka mata.

Sati uku suka yi a haka, uba da 'ya, kowa yana iya ƙoƙarinsa tsakani da Allah. Ta rage wuta, ta ƙara wuta. Ta canza rariya. Ta zargi ƙwayoyin robar da aka kawo mata daga Kano, ta busar da su su ma. Ta ƙara awa biyu a kan shida. Shi kuwa da ya ji ramar tana ƙara bushewa sai ya ƙara guntsa ɗaya. Ta rame, ta daina hira a tsakar gida. A cikin sati na uku, wata safiya yana jan carbi, Kalilu ya ji ƙwayoyin suna wuce yatsan kusa da ƙaramin kamar ba a jikinsa yake ba. Ya cije shi, bai ji haƙori ba. Saura ɗaya. Ya ji tsoro irin wanda bai ji ba tun ranar da ya buɗe ido a Baure ya ga duhu.

Ranar bai fita bakin kasuwa ba. Ya ce wa Fadila yau zai zauna ya ji wannan inji da ya gagari mutane. Ta ajiye masa kujera kusa da bakin injin, ta kunna. Ya ji gurnanin ƙarfe, ya ji zafi yana taɓa masa fuska. Can kuma sai ya ji wani ƙaramin sauti a ƙarƙashin gurnanin, tas, tas, tas, ba kan gado.

“Auta, mene ne ke fashewa haka?”

“Tururi ne, Baba. Ruwa ne a cikin haɗin. Wutar cikin nan ta kusa ninka ta tafasar ruwa, ko ɗigo ne sai ya zama kumfa ya fasa zaren. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Muna tsakiyar bazara, ina busarwa, ina rufewa, ban san ta inda yake shiga ba.”

Kalilu ya san sautin. Haka ɗanyen kara yake yi a murhu. Ya matse sandarsa a tsakanin gwiwoyi, kunya ta taso masa tun daga ƙafa. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana gyara wa mutane kuskure, yau ga nasa yana fashewa a kunnensa, tas, tas.

“Kashe shi,” ya ce. Ta kashe. “Ta bakina yake shiga.”

Ya gaya mata duka, da butar, da guntsar, da ƙarin da ya yi a sati na biyu. Ya ji numfashinta yana rawa, bai san kuka ne ko dariya ba, ashe duka biyun ne.

“Kullum, Baba?”

“Ban da Juma'a ta farko. Ranar na makara.”

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ta ce, “Ni ce ban yi maka bayani ba. A hannunka rama ruwa take so don ta lanƙwasu. A nan ba ma so ta lanƙwasu, so muke ta tsaya ta riƙe robar. Sai tana jin ƙishi sannan za ta kama ta.”

Kalilu ya juya maganar a ransa. Shekara hamsin da biyar yana zaune da tsiron nan, ya san warinsa a tafki, ya san ranar da ya kamata a tsamo shi, yana ganin ba abin da ya rage bai sani ba. Ashe yana da wani hali da ya ɓoye masa, sai yau ya nuna wa 'yarsa. Ya ce, “Allah mai iko.” Sannan ya miƙa mata hannun dama ya ce yatsa ɗaya ya rage, ta yi sauri.

Daga ranar shi ya zama mai gadin bokiti, kuma ba a taɓa yin mai gadi mai tsanani irinsa ba. Kubura ta zo wucewa da kwanon wanke-wanke ya kore ta. In an fito da ramar daga tanderu sai ya damƙi kaɗan ya murza a kusa da kunne, ya ce da saura, a mayar. Fadila ta auna da ma'auninta ta tarar gaskiyarsa ce. A kwana na biyu suka kunna injin. Babu tas ko ɗaya. Zaren ya riƙa fitowa sumul, launin ƙasa-ƙasa in ji ita, yana ratsa iskar fanka yana hucewa. Kalilu ya sa shi yana bi ta kan ƙaramin yatsansa kafin ya hau kwarkwaro, sau biyu ya ce tsaya, akwai ƙulli a nan, aka yanke wurin. Da aka gama ya karɓi guntu ya lanƙwasa, ya ja, ya sa a haƙori. Bai ce ya yi kyau ba, don ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, “Wannan zai ɗaure akuya.”

Washegari Asabar ce, babu aji. Da rana ta ɗaga ta ɗora zaren a firinta. Ta ce ta ninka girman rubutun sau uku, ba ta gyara komai ba, yadda alƙalami ya bi haka injin zai bi, kuma zai ɗauki awa bakwai. Kalilu ya ce ko bakwai ɗin kwana ne yana nan.

Ya zauna yana saurare. Kan injin yana zuwa dama ya dawo hagu da wani siririn kuka, ya tsaya, ya yi ɗan tsalle, ya ci gaba. Ɗakin ya cika da ƙanshi mai ɗan zaƙi, na gasasshiyar masara haɗe da ƙaurin kara. Abin ya fi ƙarfin tunaninsa. Masara dai da ake gasawa a bakin titi, rama dai da ake shukawa a gefen gona don kada iyaka ta ɓace, su ne yau aka narkar ana jera su bisa sawun hannun mutumin da ƙasa ta rufe tun kafin a haifi mai injin. Da aka kai ga haruffa sai tafiyar injin ta canza, ta zama gajeru-gajeru, da lanƙwasa, da komawa baya a sa ɗigo. Tsikar jikinsa ta tashi. Ya san wannan tafiya. Haka ƙarar alƙalamin kara take a kan takarda in malami yana rubutu a zaure kowa ya yi tsit.

“Auta, ya san abin da yake rubutawa?”

“Bai sani ba, Baba. Bi kawai yake yi.”

“Mu ma da haka muka fara,” ya ce.

Bai tashi ba sai don sallar azahar. Abincin da Kubura ta kawo ya huce a rufe. Gab da la'asar injin ya yi ɗan kiɗa ya yi shiru. Fadila ta jira ya huce, ta ɓamɓaro allon da siririn ƙarfe, ta kai shi taga inda na farko ya mutu, ta bar shi a rana da gangan har aka idar da salla. Bai motsa ba, yana nan a miƙe. Kalilu ya sabunta alwala saboda sunan Allah da ke kai. Ta miƙa masa tawul ta ce ya goge hannu sosai, ya ce ta raina shi, amma ya goge.

Ta ɗora masa allon a cinya. Faɗinsa kamar tafi biyu, da ɗumi, da ɗan kaushi irin na sabuwar tukunya. Ya naɗe sauran yatsun, ya miƙa ƙaramin, ya nemo kusurwar dama ta sama.

Harafin farko, ba'un Bismillah, ya taso ya tare shi, da ɗigonsa a ƙasa, daram, bai ɓalle ba. Kalilu ya ja numfashi. Ya bi a hankali, leɓɓansa suna motsi. Rabonsa da harafi tun yana yaro, amma suka riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan unguwar da aka daɗe ba a haɗu ba. Kuma ba haruffan kowa ba ne. Ga jelar nan mai tsawo da Malam yake ja a ƙarshen kalma, ga cikin harafi a buɗe yadda yake cewa a bar wa tawada wurin numfashi. Layi na farko a miƙe kamar an ja da zare. Na biyu haka. Na uku haka. Hawaye suna zuba, bai damu ya share ba, hannun yana da aiki.

A layi na huɗu ya wuce bayan haka, ya wuce ga ɗana, sai yatsan ya ci karo da wani dunƙule, tudu mai faɗi wanda ba harafi ba. Ya zagaya shi. Bayansa harafin farko na sunansa ya fara, ya katse a rabi, ya sake farawa a gefe. Tsayayyun haruffan sunan, waɗanda ya kamata su miƙe kamar kara, sai ya ji su da ƙananan haƙora, suna karkarwa. Daga nan layin ya sunkuya, ya gangara ƙasa har ya kusa taɓa na biyar. Na biyar da na shida duk a karkace suke, wani harafi babba, wani ƙarami.

“Auta, injinki ya zame a nan.”

Ya ji ta buɗe gafaka, ya ji ƙarar tsohuwar takarda. Ta daɗe tana dubawa.

“Bai zame ba, Baba. Haka yake a takardar. Akwai wurin da alƙalami ya tsaya har tawada ta taru, daidai kafin sunanka. Daga nan rubutun ya lalace.”

“Shekara hamsin da biyar ana karanta mini. Ba wanda ya faɗa.”

“Mu kalmomin muke karantawa.”

Kalilu ya tuna mahaifinsa. Mutumin nan ya rubuta Alƙur'ani sau biyu da hannunsa ba tare da ya ja layi ba, har daga Zango ake zuwa a ga rubutunsa. Ko zazzaɓi yake yi hannunsa ba ya rawa. Kalilu ya mayar da yatsan kan dunƙulen nan, ya auna faɗinsa, ya yi ƙoƙarin lissafa tsawon lokacin da alƙalami zai zauna wuri ɗaya kafin tawada ta taru haka. Ba ɗan lokaci ba ne.

“Ina ta cewa bai ji komai ba,” ya ce a hankali. “Ashe kasa rubuta sunana ya yi.”

Fadila ta tambaye shi ko ta karɓi allon ya huta. Ya girgiza kai, ya ce ta gaya wa uwarta kada a jira shi cin abinci. Ya gyara zama, ya mayar da ƙaramin yatsansa farkon layi na huɗu.